Najeriya da Kamaru: wa ya fi cin wani, kuma shin ana sauya ƙasa a ƙwallo?

Baffan Jimeta:
Salamu alaikum mutanen zaure. Kwanan nan ina ta ganin yaranmu suna rubuta wai babbar abokiyar hamayyar Najeriya a ƙwallo ita ce Afirka ta Kudu, wasu kuma su ce Ghana. Ban yarda ba. Abokin hamayyarka shi ne wanda ya ƙwace abu daga hannunka bayan ka riga ka kama shi. Sau uku muna haɗuwa da Kamaru a wasan ƙarshe na kofin Afirka, 1984 da 1988 da 2000, kuma duka ukun su suka tafi da kofin. Biyar gare su, uku a kanmu suka ɗauka. Mu muna da uku, na 1980 da 1994 da 2013. Ghana ba mu taɓa haɗuwa da ita a wasan ƙarshe ba. Afirka ta Kudu kuwa mu muke fitar da ita, mun yi a 2000, mun yi a 2019, mun sake a 2024. To ina hamayyar take?

Wasan 1984 a rediyo muka saurara, a ƙofar shagon wani tela, an ɗora rediyon a kan teburin keke mun kewaye shi. Marigayi Muda Lawal ya fara ci tun da wuri, unguwa ta kaure da ihu. Kafin a tafi hutu suka farke. Can wajen ƙarshe Abega ya ƙara, Ebongué ya rufe, aka tashi 3-1 a Abijan. Lokacin Green Eagles ake ce wa 'yan wasanmu. Har gobe babu wasan da yake hana ni cin abinci sai wasa da Kamaru.

Ɗan Garwa:
Wa alaikumus salam Baffa. Gaskiya ka faɗa, mu ma a nan haka abin yake. Mun ji daɗin doke Masar a 2017, amma dattawanmu in an zauna labarin Legas 2000 suke bayarwa. A shiga gidan mutum a ɗauki kofi a gaban jama'arsa ba ƙaramin abu ba ne. Kuma saboda wancan cin na uku ne aka bar mana kofin ya zama namu dindindin, aka ƙero sabo.

Abban Fagge:
Ɗauka kuka yi ko ba ku aka yi? Ni ban yi wayo ba lokacin, amma na kalli bidiyon har na gaji. Ƙwallon Ikpeba ta daki sandar sama, ta dira bayan layi, sannan ta fito. Ta shiga! Alƙalin wasa da mai tuta ne kawai ba su gani ba a duk filin Surulere.

Malamin Zariya:
Bari a jera abin yadda ya faru don waɗanda ba su gani ba. Ranar 13 ga Fabrairun 2000 aka buga. Eto'o ya fara ci, Mboma ya ƙara, cikin kusan rabin awa an ɗora mana biyu a gida. Raphael Chukwu ya rage ɗaya dab da hutu. Ana dawowa Okocha ya sakar musu wata daga nesa wadda har yau ake nunawa. Aka tashi 2-2, aka yi ƙarin lokaci, sannan fanareti. Okocha da Okpara da Oliseh suka ci. Ta Kanu gola Alioum Boukar ya tare. Ta Ikpeba ita ce ake rigima a kai. A nasu ɓangaren Foé ya ɓarar, Rigobert Song ya buga ta ƙarshe. Abba yana da gaskiya, ƙwallon ta tsallake layi, wannan babu ja.

Ɗan Garwa:
Malam na gode. Ni ma ba zan ce ba ta shiga ba, ido ba ya ƙarya. Amma Abba ka yi lissafi da kyau. Da an ƙirga ta, 4-4 za a tashi, sai a ci gaba da bugu ɗaya-ɗaya. Wa ya ba ka tabbacin ku za ku ci? Kuma shi kansa Ikpeba hannu ya ɗora a ka ya juya. Abin da yake ɓata mana rai shi ne an mayar da dukkan wasan nan ƙwallo ɗaya, an manta cewa mun ci ku biyu a Legas tun jama'a ba su gama zama ba.

Mai Shayin Sabon Gari:
To 1988 fa? Henry Nwosu ya ci da ka a Kasabalanka aka ce satar gida, sannan aka ba su fanareti Kundé ya ci. Kuma a watan ne aka zaɓi ɗan garinku Issa Hayatou shugaban hukumar ƙwallon Afirka. Mu dai muna da ido.

Ɗan Garwa:
Yaya, wannan maganar kam ba zan bari ta wuce ba. Mutumin nan ya rasu a 2024, Allah ya jiƙansa. In akwai hujja a kawo, in babu a bar shi ya kwanta. Ya riƙe kujerar daga 1988 zuwa 2017. A cikin shekarun nan Najeriya ta ɗauki kofi a 1994 da 2013, ta fitar da mu a 2004. Mu kuma mun yi shekara 15 ba mu ɗauka ba, daga 2002 sai 2017. In da shi yake rabawa ai da ba haka ba. Alƙali yana kuskure, na yarda an yi wa Nwosu ba daidai ba a ganin mutane da yawa, amma kuskure daban, zargin maguɗi daban.

Baffan Jimeta:
Ɗana ya yi gaskiya. A bar mamaci. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai ma ba wasannin ƙarshen ba ne, Agustan 1989 ne. Mun doke su 2-0 a Ibadan a neman gurbin kofin duniya. Ranar 12 ga Agusta Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin Legas ana wasa da Angola, bai tashi ba. Mako biyu bayan nan yaran suka tafi Yawunde da makoki a zuciya, canjaras kawai suke nema. Omam-Biyik ya ci ɗaya, shi ke nan. Su suka tafi Italiya. Kuma ku ji abin mamaki: da suka doke Ajantina a wasan farko, Omam-Biyik ɗin nan dai ya ci, duk Jimeta mun fito titi muna murna. Ranar da Ingila ta fitar da su 3-2 akwai waɗanda suka yi hawaye a unguwarmu saboda Roger Milla. Haka kuma da Foé ya faɗi a filin Liyon a 2003, wallahi Okwaraji ne ya faɗo mini a rai. Mu da su kowa ya binne ɗan wasan da ya mutu sanye da rigar ƙasa.

Hajiyar Mubi:
Salamu alaikum. Ni ba gwanar lissafin ƙwallo ba ce, amma maganar nan a cikin gidana take, shi ya sa na sa baki. Haifaffiyar Ngaundere ce ni, aure ya kawo ni Mubi. Babban ɗana wurin yayana ya tashi a can, sai da ya isa sakandare ya dawo. Shi Kamaru yake yi, ƙannensa duka Najeriya. Daren da Lookman ya ci biyu a watan Janairun 2024, ƙannen suna ta tsalle a tsakar gida, shi kuwa yana zaune a bakin ƙofa da rigarsa koriya mai lamba 10 ta Aboubakar, tuwonsa ya huce bai taɓa ba. Sai babansu ya ce masa ya cire rigar nan, katin ɗan ƙasarsa na Najeriya ne, kakanninsa a nan aka binne su, abin kunya ne ɗansa ya yi baƙin ciki ranar da Najeriya ta ci. Yaron bai ce uffan ba, ya cire. Da safe na ga ya wanke ta da hannunsa ya shanya a igiyar bayan ɗaki inda baban ba zai gani ba. Har yau maganar ba ta mutu ba a tsakaninsu. Baffa, ku ne manya. Shin maigidan ne da gaskiya?

Baffan Jimeta:
Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Ki ba maigida haƙuri, ki ce in ji wani tsoho da ya shekara fiye da 40 yana bin Najeriya: ya ƙyale yaron. Abin nan kamar tsagen gado yake, kana ƙarami ake yi maka, ba a shawara da kai, kuma ba ya gogewa. Yaron da ya tashi a gidan kawunsa yana jin ana ihun Eto'o, ranar farin cikinsa ta farko a ƙwallo da rigar Kamaru ya same ta. Ni yaron da zai ba ni tsoro shi ne wanda zai jefar da rigar don an ci su 2-0. Wannan da ya wanke ta washegarin rashin nasara, ɗan halak ne, kuma yadda ya riƙe rigar haka zai riƙe iyayensa.

Abban Fagge:
Baffa ka yi haƙuri, amma a nan na saɓa da kai. Me ya sa dole sai mutum ya mutu a kan ƙungiyar da ba ta damu da shi ba? Ni na daina wahalar da zuciyata a kan Super Eagles tun Maris ɗin 2022 da Ghana ta hana mu zuwa Katar a Abuja. Yanzu wanda yake buga ƙwallo mai kyau nake kallo. A kofin duniyar Katar ɗin Maroko na yi, kuma na ji daɗi har wasan kusa da na ƙarshe. Kai ma ai yanzu ka ce kun yi Kamaru a 1990. Mene ne bambancin?

Baffan Jimeta:
Bambancin shi ne Najeriya ba ta je Italiya ba. Da ta je, ko Milla yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya ba zan so ya ci mu ba. Ka taya maƙwabci murna ranar da ba ka da buki, wannan zumunci ne. Ka bar naka don ya faɗi, wannan wani abu ne daban.

Ɗan Zangon Kumasi:
Tun da an ambace mu bari in shigo. Baffa ka ce ba mu ne abokan hamayyarku ba, na ji. Amma ƙwallon Partey guda ɗaya ga shi ta raba Abba da ƙasarsa, abin da Kamaru ba ta iya yi maka ba da kofi uku. A zango muna da irin matsalar Hajiya sosai. Akwai gidajen da kakanni daga Kano ko Sakkwato suka zo fataucin goro, jikoki Hausa suke yi, amma ranar wasa Black Stars suke yi ba kunya. Mu rabonmu da kofin Afirka tun 1982. An doke mu a wasan ƙarshe a 1992 da 2010 da 2015. Ban ga wanda ya koma Kodebuwa a unguwarmu don haka ba.

Na Damagaram:
Ku duka masu kofi ne kuke kuka. Mu a Nijar Mena ba ta taɓa cin wasa ko ɗaya a babbar gasar ba. Sau biyu muka je, 2012 da 2013, maki ɗaya muka samo, canjaras da Kwango. Amma ka tambayi duk wanda ya yi wayo ranar da Moussa Maâzou ya ci Masar a Yamai a 2010, lokacin Masar ce take riƙe da kofin sau uku a jere. Mutane sun kwana a titi. A rukunin nan muka wuce gaban Masar da Afirka ta Kudu. Abba, Maroko ta ba ka daɗin kallo, na yarda. Amma irin daɗin da muka ji daren nan ba a samunsa da aro. Sai wanda ya sha ci shekara da shekaru bai gudu ba.

Abban Fagge:
Yaya, ku ai ba ku taɓa sa rai ba, shi ya sa ba ya yi muku ciwo. Mu da muke da Osimhen da Lookman, kowannensu ya zama gwarzon Afirka, ɗaya bayan ɗaya, sannan a ce ba ma zuwa kofin duniya?

Na Damagaram:
Yana yi mana ciwo mana. Wa ya ce maka talaka ba ya sa rai?

Ɗan Garwa:
Hajiya, ki gaya wa maigida abin da ya faru a garinmu a Janairun 2022, wataƙila ya sassauta. Da muka karɓi baƙuncin gasar, rukunin Najeriya a Garwa aka ajiye shi. Filin Roumdé Adjia ya koma kore da fari. Motoci suna ta shigowa daga Yola da Mubi, amma yawancin masu ihun 'yan gari ne. Ina cikin filin ranar da Iheanacho ya ci Masar, kusa da ni wani dattijo ne Bafulatani da tutar Kamaru ɗaure a wuya, ta Najeriya a hannu. Duk inda Ahmed Musa ya gifta sai ka ji ana kiran sunansa ana gaishe shi da Hausa. An ci Sudan 3-1, an ci Gini Bisau 2-0. Daren da Tunisiya ta fitar da su da ƙwallon Msakni, aka ba Iwobi jan kati, masu acaba da masu abinci a Garwa sun yi jimami na gaske. Baƙonka annabinka, balle baƙon da kogi ɗaya kuke sha, Binuwai da ya ratsa Garwa shi ne ya wuce Yola. Amma da an haɗu da Kamaru a gasar nan, wallahi babu ɗan Garwa da zai ɗaga tutar Najeriya. Kuma babu wanda ya ga saɓani a cikin abubuwan nan biyu.

Malamin Zariya:
Abin da Ɗan Garwa ya faɗa yana da tushe. Yola da Garwa da Ngaundere duk ƙarƙashin tutar Modibbo Adama suke kafin Turawa su ja layi a tsakani. Mubi ɗin da Hajiya take ma ai ba ta cikin Najeriya ranar samun 'yancin kai a 1960. Sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a Fabrairun 1961, arewacin Kamarun Ingila ya zaɓi Najeriya, ya zama lardin Sardauna, kudanci ya zaɓi Kamaru. Da ƙuri'ar ta juya, maigidan Hajiya shi ma yau Zakunan Kamaru yake yi. Ban faɗi haka don in raina kishin ƙasarsa ba, kishin gaskiya ne. Ina nufin na ɗansa ma gaskiya ne.

Sannan ga masu jin kamar kullum mu ake ci: tun bayan 2000 lamarin ya juya. A 2004 a Monastir suna riƙe da kofi biyu a jere, Eto'o ya fara ci, Okocha ya farke da bugun tazara, Kanu ya ba Utaka ya ƙarasa su. A Satumbar 2017 sun zo Uyo a matsayin zakarun Afirka aka yi musu 4-0, Ighalo da Mikel da Moses da Iheanacho. A 2019 a Iskandariya 3-2. A 2024 kuma 2-0, a filin da suka ci mu a 1984, kuma Song ɗin da ya buga fanaretin ƙarshe a Legas shi ne kocinsu.

Ɗan Garwa:
Duk gaskiya ne Malam, kuma 4-0 ɗin nan har yau ba na son a tuna mini. Sai dai a cikin waɗannan babu wasan ƙarshe ko ɗaya. Ranar da ake ajiye kofi a gefen fili, ba ku taɓa cin mu ba.

Mai Shayin Sabon Gari:
Abba, ni tambaya ɗaya zan yi maka, don na san kai ɗan Pillars ne. Da suka faɗa rukuni na biyu a 2022, ka koma wata ƙungiyar?

Abban Fagge:
Haba Yaya, Allah ya kiyaye. Sai Masu Gida har abada. Amma ka ga ai dalilina ke nan. Pillars ina ganinsu da idona, in hau adaidaita in je Ƙofar Mata, in sayi tikiti, in dawo murya a dashe. Babana ya fara kai ni yana riƙe da hannuna. Ita kuwa ƙungiyar ƙasa a talabijin kawai muka san ta. A Maris ɗin 2016 da aka kawo wasa da Masar Kaduna na je, ina ɗan sakandare. Tun hantsi filin Ahmadu Bello ya cika ya batse, mutane har kan ƙarafunan fitilu da allon sakamako suka hau. Etebo ya ci, Salah ya farke dab da tashi, aka fito ana ta jimami amma kowa yana cewa ya ga 'yan wasan ƙasarsa ido da ido. Waɗannan mutanen ba sa son Najeriya ne? Yanzu kusan komai Uyo. Yaron da ke Fagge ko Jimeta yaushe zai gan su? Kuna cewa ana gadon abin nan tun yarinta, to a ina yaran yanzu za su gada, in ba a gidan kallo ba inda Arsenal da Madrid suka cika bango?

Baffan Jimeta:
Wannan kam ka kawo magana mai nauyi, ɗana, kuma ba ni da abin musu. Mu rediyo ta ishe mu saboda ba mu da wani abin. Ku kuna da ƙwallon duniya duka a cikin waya. In masu riƙe da ƙwallon ƙasar nan suna son yaran Arewa su tashi da ita a zuciya, dole su gyara filayenmu su riƙa kawo wasa. Amma ban yarda ka bar Najeriya ba. Wanda ya bar ta ba zai zauna yana maimaita bidiyon Ikpeba ba.

Hajiyar Mubi:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Zan karanta wa maigida abin da Baffa da Malam suka rubuta in ya dawo daga kasuwa, musamman maganar 1961, don mahaifinsa yana cikin waɗanda suka jefa ƙuri'ar.

Abban Fagge:
Baffa, in aka kawo Najeriya da Kamaru Kano ko Kaduna, ana sallame asuba ina kan layin tikiti. Kafin nan dai ina nan a kan bakana.

Ɗan Garwa:
Ku nemi a kawo shi Kano ɗin. Mu daga nan mota za mu cika mu biyo ta Yola, kuma da rigunanmu za mu shigo filin.